Wuƙar layya ta tsage a hannun maƙeri: ruwa ko mai?

Sani Gadarif: Jama'a ku yi mana alƙalanci. Na kai wa wani maƙeri guntun sifirin mota ya ƙera min wuƙar fiɗa saboda layya, yana zaro ta daga wuta jawur sai ya tsunduma ta a ruwan sanyi, ina tsaye na ji ƙas, ta tsage daga baki har baya, wai kuma ƙarfena ne mara kyau! Ƙarfe irin wannan a mai ake tsoma shi, ruwa aikin 'yan gargajiya ne.

Baba Audu Mai Wurno: Yaro su wa kake kira 'yan gargajiya? Da ruwa iyayenmu suka ƙera lauje da gatari tun ba a haifi babanka ba.

Injiniya Bashir: Baba a yi haƙuri, kowane ƙarfe da halinsa. Ruwa na sanyaya shi da gaggawa, in da gishiri ma ya fi, shi ya sa sifiri ke tsagewa, mai kuwa a hankali yake bi. A gasa har maganaɗisu ya daina kama shi, wajen digiri 770 ke nan, a ɗan ƙara wuta, a tsoma a mai mai ɗumi, sannan a sake gasawa wajen 200 har ya yi launin kara don kar ya karye.

Baba Audu Mai Wurno: Digiri! Ka taɓa riƙe awartaki kuwa?

Hajiya Kassala: Gaskiya Sani ba ka kyauta ba, gargajiyar nan da ita aka yi maka kaciya. Ka zo kasuwar Kassala ka ga wuƙaƙe.

Ɗanjuma: Hajiya ai wannan aikin wanzamai ne, kar ki haɗa mu da maƙera.

Hajiya Kassala: To wa ya ƙera muku askar?

Sani Gadarif: Ni fa kuɗina nake magana, wa zai biya ni?

Ɗanjuma: In man da za a tsoma ƙarfen ake magana, baƙin man mota kawai, shi kowa ke sawa.

Injiniya Bashir: Hayaƙinsa guba ne ya akhi, wuƙar nama ce fa, gara man gyaɗa.

Admin Alhaji Mai Riɗi: To kalas, an rufe. Abin da na fahimta kowa ya yarda mai ya fi, kuma duk Gadarif an san babu kamar man riɗi, mai so ya same ni a shago. Sani ka ba Baba haƙuri.