Bishiyoyin maple 60 a bayan gida: in bi dattijo ko in fara da kaina?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Gidan da muka kama haya kusa da Perth, a lardin Ontario na Kanada, akwai bishiyoyin maple wajen 60 a bayansa. Mai gidan ya ce in tatsi ruwansu, wanda ake dafawa ya zama ruwan zaƙi mai kama da zuma, mu raba. Wani dattijon Bature maƙwabcina ya ce in bi shi kakar bana in koya, amma in na bi shi, nawa sai baɗi. Ko in shiga ƙungiyar masu tatsa ta OMSPA, in je taronsu na lokacin sanyi, in fara da kaina? Dala 1,500 ce a hannuna.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. YouTube kawai, yaya. Komai na can.

Maman Khalifa: YouTube ɗin ne ya kai ni ya baro. Ina jihar New York, bishiya 8 kacal na huda. Sai an dafa ruwan bishiyar kusan lita 40 kafin a samu lita ɗaya, ni kuwa a kicin na ɗora tukunya. Kwana uku tururi na tashi, fentin silin ya kumbura yana zubowa cikin tukunyar. Mai gidan haya ya riƙe min dala 900. Na biyu na tafi la'asar, na dawo ya kama ƙurmus, na jefar da tukunyar. Na ƙarshe kuma ɗanɗano ya ɓaci, ashe da zarar bishiya ta fara toho an gama. Baban Khalifa har yau dariya yake min.

Alhaji Makarfi: Allah ya mayar da alheri. Ni da na tashi a gindin kaskon mazarƙwaila ba wanda zai koya min dafa zaƙi. Ido da ludayi ne kawai.

Dokta: Ranka ya daɗe, ba ɗaya ba ne. Sukarin da ke ruwan maple kashi 2 ne cikin 100, sai an kai shi 66. Alamarsa zafin ya haura na tafasar ruwa da digiri 4 na Celsius. Baban Ummi, duba rubuce-rubucen cibiyar Proctor ta Jami'ar Vermont da na Cornell. Kuma kada ka huda wadda kaurinta bai kai santimita 25 ba.

Alhaji Makarfi: Dokta, tsakani da Allah ka taɓa huda ko guda ɗaya?

Dokta: Ban taɓa ba, amma ban ƙona tukunya ba.

Maman Khalifa: Na ji, na gode.

Ɗan Fagge: Kaskon dahuwa na hannu dala 400 na gani.

Hajiya Ottawa: Ina? Namu 2,800 muka saya, ban da itace. Mai shagon ya lallaɓa mu muka haɗa da robobin tiyo, har yau suna gareji.

Ɗan Damagaram: Mu nan Kebek, inda ake yin kusan kashi 70 na duk duniya, mai sayar da shi a ganga sai da kason da ƙungiya ta yanka masa. Amma ilimin yana wajen tsofaffi. Dare ƙanƙara, rana ta ɗan sake, su da ganin gari sun san gobe ruwa zai zuba.

Ɗan Fagge: In kakar ta faɗo cikin azumi wa zai ɗanɗana? Ni na ɗauki aikin bayan magariba.

Hajiya Ottawa: Ku ne matsalar ai. Bara kwalba 14 muka samu, 9 sun tafi a "ɗan ɗanɗana min". Da zan je Kano mutum uku suka ba ni saƙon nasu, jakar kilo 23 ce, kwalba ɗaya ta fashe a kan atamfofina.

Alhaji Makarfi: Ni ma an min. Wanda aka kai wa ma cewa ya yi zumar jabu ce.

Baban Ummi: To jama'a, dattijon fa? Asabar ya ce in ba shi amsa.

Hajiya Ottawa: Mai kwalbar ko sannu bai ce min ba, kuma yana cikin nan yana karantawa.