Mi za mu ce wa "dépenses éligibles" da Hausa?

Jama'a, cigiya nake. Ƙungiyarmu a nan Tawa tana haɗa takardun neman tallafin gwamnati, muna so mu gwada wani sabon rudu na ajiyar albasa da manoman wajen Galmi, wanda iska za ta riƙa ratsa shi ta ƙasa, ko ruɓewa ta ragu kafin kuɗin albasa ya tashi. Aka ce ni zan karanta wa membobi sharuɗɗan da Hausa, tunda da yawansu ba su yi lekol ba. Ina ta sharara har na iso kan kalmar Faransanci "dépenses éligibles". Nan na cije.

Ba ma'anar ce ta gagare ni ba. Tallafi ba kyautar sallah ba ce da za a danƙa maka a ce je ka yi yadda ka ga dama. Duk dalar da ka kashe, sai ta cika sharaɗi kafin mai tallafi ya ɗauke ta a kansa. A kashe ta bayan an sa hannu a yarjejeniya, kafin wa'adi ya cika. Ta kasance cikin kasafin da aka amince da shi, aikin ma yana bukatarta. Sannan a kawo faktir mai lambar NIF ta ɗan kasuwar, wato lambarsa ta haraji. Siminti da ladan magini da man babur na zagayen gonaki da horon manoma, duk suna iya shiga. Tsohon bashi da tara ba sa shiga, haka abin da wani tallafin ya riga ya biya. Wanda ya yi azarɓaɓi ya sayi siminti ana gobe sa hannu, to kansa ya saya wa.

Duk wannan bayanin nake so ya shiga cikin kalma biyu. Tun watan Maris na 2025 da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a nan Nijar, irin wannan aikin ya zama namu, ba mai zuwa daga wani wuri ya yi mana.

Bayan na aika cigiyar nan, na dawo bayan isha'i na tarar da amsoshi, Allah ya saka. Bari in bi su.

Wanda ya fi yawa shi ne "kuɗin da ya halatta". Da farko ya kwanta mini, har na rubuta shi. Amma malamina na allo ya taka mini birki: "Ɗana, in ka ce wanga ya halatta, to wancan ka haramta shi ke nan. Yaushe biyan bashi ya zama haram?" Gaskiyarsa. Biyan bashi wajibi ne ma, tallafin ne kawai bai ɗauke shi ba. In muka jawo halal da haram cikin lissafin ofis, ranar da mai bincike ya ƙi wata takarda, ma'aji zai koma gida da sunan ya ci haram, alhali kwanan wata kaɗai ya kuskure.

"Kuɗin da ya cancanta" kuwa, cancanta ta mutum ce a kunnena. Ƙungiya ce ke cancantar tallafi, buhun siminti ba ya cancantar komai.

Wani ƙanena daga Yamai ya kawo "kashe-kashen da aka yarda da su". Ƙane, sake karanta abin da ka rubuta da ƙarfi, ka ga ko za ka so a gan shi a takarda mai hatimin hukuma. Wanda ya ce a taƙaita shi zuwa "kashi" kuma, na bar shi da Allah.

Inda na tsaya na daɗe shi ne kan amsar wata Hajiya da ta shekara tana riƙe da asusun mata masu adashi. Ta ce mu daina maƙale wa "kashewa", kalmar da muke nema tana bakinmu kullum: ɗawainiya. In ana biki ana tambayar wa ya ɗauki ɗawainiya. Ta ƙunshi kuɗi, ta ƙunshi nauyi, kuma da jin ta ka san akwai mai ɗauka. Sai na ga ai tambayar da takardar ke amsawa ke nan: wace ɗawainiya ce mai tallafi zai karɓa, wacce zai maido mana?

Don haka na tsaya a kan "karɓaɓɓiyar ɗawainiya". Na san tana da nauyi a baki, wasu za su fi son "ɗawainiyar tallafi", ni ma a hira ita zan riƙa faɗi. Amma a rubuce ina son "karɓaɓɓiya", domin tana tunatar da mutum cewa akwai wanda zai duba, ya karɓa ko ya ƙi, kamar yadda ake karɓar shaida gaban alƙali.

Kishiyarta ta so ta ba ni wuya. In ka bi ƙa'ida daga "ƙi", sai ka wayi gari da "ƙiyayya", mu kuwa ba gaba muke da kowa ba. Hajiyar ce dai ta sake fid da ni: "ɗawainiyar aljihu", wato wadda za ta dawo kan ƙungiya.

Da safen nan na gwada su a taro, ban ƙara bayanin komai ba. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "To shayin ga da muka sha yanzu, karɓaɓɓe na ko na aljihu?" Ma'aji ya ce ba a sa hannu ba tukuna. Dattijon ya laluba aljihu ya aje dala ashirin kan tabarma.