Saba uku a hannuna: in bar wa Ansible tsaronsu ko in ci gaba da hannu?

Bakano_dev: Salam 'yan uwa. Ina kula da saba uku (kwamfutocin da ke hidima ta intanet) na wata makaranta, duk tsarin Ubuntu 24.04 ne a kansu, da Docker (mai gudanar da manhajoji kowace a keɓe) a kai. Na riga na kashe shiga da fasiwod, da makullin dijital nake shiga ta SSH (hanyar shiga saba daga nesa). Sauran aikin ne ke cin lokacina, ufw (katangar da ke rufe ƙofofin saba), fail2ban (mai toshe wanda ya yi ta kuskuren shiga), unattended-upgrades (mai sabunta manhajoji da kansa), kowace saba sai na zauna na yi mata daban, jiya na tarar ɗaya ma root (babban asusu mai iko da komai) a buɗe yake. Sakamakon jarabawa zai fita nan da sati biyu. In rubuta Ansible (manhajar da ke saita saba da yawa daga rubutu ɗaya) da kaina, in ɗauko devsec.hardening (shiryayyen Ansible na tsaro da wasu suka rubuta), ko in biya wani? Wanda ya taɓa yi don Allah.

Sahabi_227: Wa alaikumus salam. Fara kashe fasiwod tukuna, ka koma makulli.

Bakano_dev: Malam ai na faɗa a sama.

Bazazzage: Ɗan'uwa ka ji tsoron kayan da ba kai ka rubuta ba. Ni na ɗauko wani shiryayyen Ansible a GitHub (shafin da ake ajiye manhajoji) da daddare ban karanta ba, na sake shi kan sabar wani mai kemis, ya kunna ufw kafin ya buɗe ƙofar 22 da SSH ke bi, ya kuma hana root alhali ban ƙirƙiri wani asusun shiga ba, shi kenan na rufe kaina a waje. Kamfanin da muke hayar sabar wajensu kwana biyu ba su amsa ba, mai kemis yana kirana kamar na ci masa amana, har gida ya turo ƙaninsa. Kuɗin aikina dubu 80 har yau ban gani ba, kuma shi ne ya haɗa ni da kwastomomi uku, duk suka janye. Abin har yanzu yana min ciwo wallahi.

Maman_Hanif: Allah ya mayar da alheri. Amma laifin ba na Ansible ba ne. Ansible na da --check da zai nuna maka abin da zai canja, sannan sshd -t mai duba kuskuren saiti kafin ka sake tayar da SSH, kuma kar ka rufe tagar da kake ciki sai ka gwada shiga ta wata. Bakano, tunda Docker gare ka, ka sani ƙofar da ya buɗe ufw ba ya tare ta, Docker ɗin da kansa yake rubuta dokokinsa a iptables (inda dokokin katangar suke). Ka leƙa /etc/ssh/sshd_config.d ma, cloud-init (mai saita sabuwar saba a farkon tashi) kan ajiye fayil a can da ke mayar da shiga da fasiwod.

Bazazzage: Hajiya faɗa da baki sauƙi gare shi. Kin taɓa riƙe sabar kwastoma ko ta gwaji ce?

Maman_Hanif: Shekara shida ina riƙe da su Yallabai.

Dogo_Jos: Ka ba ni dubu 30 in gama maka duka ukun a yini ɗaya.

Sahabi_227: Dubu 30? Ni an ce min dubu 150 kan saba ɗaya, da rahoton Lynis (manhajar binciken tsaron saba). Na dubu 30 sai dai ya sa fail2ban ya gudu.

Dogo_Jos: Ai fail2ban ɗin ma maigadi ne na gaske, maigida in ya yi kuskure sau biyar sai ya kwana a waje 😂

Bazazzage: Ba abin dariya ba ne, data ɗin waya IP ɗinsa (adireshinsa a intanet) canjawa yake, ka taƙaita SSH ga IP ɗaya gobe ka ga ba kai ba shiga.

Bakano_dev: To in gwada a wata saba ta daban kenan kafin na taɓa na makarantar?

Dogo_Jos: In ka samu katin biyan hayarta. Nawa sau uku yana ƙin wucewa wannan watan, na koma katin dala na manhaja, su kuma canjinsu ya fi na kasuwa ga cajin da suke cira.

Sahabi_227: Mu nan Maraɗi sai na tura wa wani a waje ya biya min. Wane kati kake amfani da shi yanzu?