Gidan tarihi na neman "asalin" aikina, me zan miƙa musu?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun ina lakwal nake ɗaukar hotunan zanen bangon gidajen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da wayar yayana da ya bar mini lokacin da zai tafi Agadas, ita ma gilashinta a fashe. Daga baya na haɗa su a shafin intanet: ka taɓa bango, sai muryar tsohon magini ta fito tana faɗin sunan zanen. Mutane ma na iya ƙara hoton gidansu. Yanzu wani gidan tarihi na so su nuna shi, su kuma ajiye. Sun ce in kawo asalin. Wallahi barci ya gagare ni, abin ba allo ba ne balle in ɗauka in kai.

Ɗan Zango: Ƙanena, saurara. Kwafe komai a kle USB, ka sa a kwamfuta ɗaya marar intanet, shi ke nan. Ka san Flash, manhajar da ake kunna hotuna masu motsi da ita a shafukan intanet? Adobe ta kashe shi ƙarshen 2020, ayyuka masu ɗimbin yawa suka daina buɗewa. Gidan tarihin Guggenheim na Amurka ma, aikin intanet da suka sa aka yi musu a 1998, sai da suka zauna gyaransa a 2017. Su ke nan masu kuɗi.

Mai tambaya: Yaya, in na cire intanet ai ya mutu. Ƙarin hotunan mutane shi ne aikin.

Ɗan Zango: Da wane rezo? Wa zai riƙa biyan kuɗin shafin bayan shekara biyar? 

Maman Biyu: Ni dai kuran ne damuwata. Watan jiya aka ɗauke aka maido da ƙarfi, firijina ya ƙone da ƙanƙarar jika takwas a ciki. Har yau ba wanda ya ce mini sannu.

Ɗalibi: Ka mai da shi NFT kawai, wato shaidar mallakar aikin dijital da ake sayarwa a intanet. Beeple, wani mai zanen kwamfuta, ya sayar da nasa dala miliyan 69 a 2021.

Ɗan Zango: Beeple a Damagaram yake? Bar yaro da mafarki.

Malamin Tarihi: Ɗana, ba ka faɗa mana ba: saya za su yi ko aro? Akwai takarda? Maginan nan kuma sun san za a riƙa jin muryarsu a wurin? Nemi cibiyar Kër Thiossane a Dakar, tun 2002 suke harkar fasahar dijital.

Mai tambaya: Malam, maginan abokan kakana ne, ba za su ƙi ba. Takarda kuma ina jin nauyi, wanda ya kira ni babba ne.

Ɗan Zango: Kle. Na gama magana.

Maman Biyu: Don Allah wa ya san mai gyaran firiji wajen Sabon Gari?