Neman kalma: wainar ƙwan da aka cire wa gwaiduwa, me za mu kira ta?

Mai Shirin Safe: Assalamu alaikum jama'a. Agaji nake nema kafin ƙarfe 6 na safe. Gobe shirinmu na lafiya a rediyo zai taɓo karin kumallo, takardar da aka ba mu kuwa da Turanci take, egg white omelette ta fito a ciki har sau bakwai. Ina son sunan da mai sauraro zai gane da ji ɗaya.

Hajiya Mai Girki: Wa alaikumus salam. Wainar farin ƙwai. Ko mai shayi ka ce wa wainar ƙwai ya san me zai soya maka, sai ka ƙara "farin" kawai.

Malam Na Nahawu: Hajiya, a yi mini afuwa, akwai harshen damo a nan. Farin ƙwai na iya zama farin da ke cikin ƙwai, yana kuma iya zama ƙwai mai farin ɓawo. Ginin iri ɗaya ne, kuma a rediyo babu hoto. Wata za ta tafi kasuwa tana tsince farare daga kiret tana barin jajaye, ta soya su da gwaiduwarsu, ta ce likita ya faɗa.

Uwar Biyu: A ce wainar ruwan ƙwai mana.

Hajiya Mai Girki: A'a ƙanwata. Ruwan ƙwai a kicin shi ne ƙwan da aka fasa aka kaɗa gaba ɗaya, wanda ake tsoma doya ko dankali a ciki kafin suya. In dole sai da ruwa, to farin ruwan ƙwai, sai dai sunan ya yi tsawo.

Sarkin Ƙira: Ku huta, na ƙera: FARWAI. Fari da ƙwai, gaɓa biyu. Wainar farwai. Bature ma haka yake haɗa nasa.

Ɗan Damagaram: Mu nan omlet muke ji a bakin masu shayi, daga Faransanci, kuma kowa na ci lafiya.

Sarkin Ƙira: Wannan shi ne ciwonmu. Harshe mai miliyoyin masu magana, a ce ƙwai ma sai mun yi aro?

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, tebur da kake rubutu a kai da burodin da za ka ci da farwai ɗinka, wane kakanka ne ya raɗa musu suna?

Malam Na Nahawu: Ni waina ce ma ban gama yarda da ita ba. Waina ta tanda ce, ta shinkafa, mai gurbi-gurbi.

Hajiya Mai Girki: Allah gafarta Malam, wainar fulawa fa? A kasko ake zuba ta ta baje. Wainar rogo ma ba ta san tanda ba. Kalmar ta daɗe da fita daga gurbi. Mai Shiri, tunda iska za ka hau, riƙe yadda ake yi don kada sunan ya yi daidai girkin ya lalace. Ƙwai 3 ga mutum ɗaya. Fasa kowanne a tsakiya, ka riƙa juya gwaiduwar daga rabin ɓawo zuwa ɗaya rabin, farin na zubowa a kwano. Wanda ya fito daga firji ya fi rabuwa, gwaiduwarsa ba ta saurin fashewa. A sa gishiri ɗan mitsitsi, a kaɗa da cokali mai yatsu kamar daƙiƙa 30, ya yi 'yar kumfa a sama, a tsaya nan. Albasa, tattasai da alayyafo a fara soya su daban a rabin cokalin shayi na man gyada har ruwansu ya tsotse. Wanda ya zuba ɗanyen tumatir ko ɗanyen alayyafo cikin ƙwan, waina za ta tsatso ruwa ta ƙi haɗuwa.

Likitar Abinci: Na ƙara da batun wuta, don nan aka fi faɗuwa. Farin ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, saura furotin, kitse kuwa kusan babu. Yana fara daskarewa tun zafi bai wuce digiri 60 zuwa 65 ba. In wuta ta yi yawa furotin ɗin ya takure ya matse ruwan waje, sai ka samu abu kamar roba, ƙasa ya ƙone, ga ruwa kwance a faranti. Rashin kitsen nan kuma shi ke sa ya manne wa kasko fiye da cikakken ƙwai. Saboda haka kasko marar kamu, a shafe shi da mai, wuta ƙasa-ƙasa, a zuba, a rufe minti 2. Da saman ya daina sheƙi a jera kayan lambun a gefe ɗaya, a ninke, a sauke.

Mai Shirin Safe: Na gode. Akwai alƙaluman da zan iya faɗa?

Likitar Abinci: Farin babban ƙwai ɗaya kalori 17 ne, furotin giram 3.6. Uku ke nan kalori wajen 50, furotin kusan giram 11. Gwaiduwa ɗaya kalori 55, kuma duk kwalastarol ɗin ƙwai, wajen miligiram 185, a cikinta yake. Amma don Allah kada shirin ya mai da gwaiduwa abin gudu. Bitamin A da D a can suke. Mai lafiya da yara su ci ƙwansu cikakke, wanda likita ya ce ya rage shi ne mai wannan waina. Gwaiduwar da aka ware a rufe ta a firji, a yi amfani da ita cikin kwana 2.

Uwar Biyu: Mu kwanduwa muke cewa, ban san gwaiduwa ba sai a littafi.

Malam Na Nahawu: Duka Hausa ce, kada a buɗe wannan ƙofar yanzu. Ga shawara: a kira abin da abin da aka cire masa. Wainar ƙwai ba gwaiduwa. Kamar shayi ba madara, kowa ya gane, babu mai zuwa neman farin ɓawo.

Sarkin Ƙira: Kalma huɗu a inda ɗaya ta isa. Farwai fa ba a ko gwada ta ba.

Hajiya Mai Girki: Gwada ta a teburin mai shayi, in ya miƙo maka abin da kake nufi na janye tawa.

Mai Shirin Safe: Dare ya yi. Ga abin da zan yi: a karon farko zan ce "wainar farin ƙwai, wato wadda aka cire wa gwaiduwa ko kwanduwa", sauran shida na ce wainar farin ƙwai. Allah ya saka da alheri.

Malam Na Nahawu: To, ba laifi. Amma wanda ya kunna rediyo a tsakiyar shiri, harshen damon nan na jiran sa.

Sarkin Ƙira: Ko sau ɗaya ka ambaci farwai, mu ji ko za a bugo waya.