Ƙunci ko buɗi? Tambaya kan wadatar azzalumai a ayoyin Alƙur'ani

Ɗan Kwarbai:
Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka a warware wannan, matasa na yawan kawo ta bayan an tashi tafsiri. Suratu Ɗaha aya ta 124 ta ce wanda ya juya wa ambaton Allah baya yana da rayuwa mai ƙunci. Nahli 97 ta yi wa mumini mai aikin ƙwarai alkawarin rayuwa mai daɗi. Amma An'am 44 ta ce da suka manta da wa'azin da aka yi musu, sai aka buɗe musu ƙofofin komai. Abin da ido ke gani ke nan kuma: mai ɓoye hatsi sai ya yi tsada yana ta ɗora bene, malamin makarantar allo kuwa da ƙyar ake ɗora tukunya a gidansa. Ko wata ayar ce ta shafe wata?

Almajirin Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara cire maganar shafewa. Nasakhi, wato shafewar, yana shiga hukunci ne, umarni da hani, ba ya shiga labari. Ayoyin nan uku duk labari ne, don haka hanya ɗaya ta rage, wato a haɗa su.

Inda ake zamewa shi ne fassara "ƙunci" da talauci, "daɗi" da kuɗi. Ba haka magabata suka karanta ba. Ibn Kasir ya kawo daga Ibn Abbas cewa rayuwa mai daɗi ita ce arzikin halal, daga Sayyidina Ali kuma wadatar zuci. Kan ƙunci, Ibn Kasir ya ce mutum ne da ba shi da natsuwa a ƙirji ko da ya ci abin da ya so, ya sa abin da ya so. Akwai kuma ruwayar da ta fassara shi da azabar kabari. Ka ga ke nan mutum ɗaya zai iya faɗawa ƙarƙashin Ɗaha 124 da An'am 44 a rana ɗaya, sito cike, barci ya gagara.

Sannan a riƙa karanta An'am 44 har ƙarshenta. Buɗin ya zo ne bayan mantuwa, kuma da suka yi farin ciki da shi sai aka kama su kwatsam. Wannan shi ne istidraji, ɗaurin talala, kamar yadda A'araf 182 zuwa 183 da Ali Imrana 178 suka bayyana. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa Allah yana yi wa azzalumi jinkiri, idan ya kama shi ba ya kuɓucewa, sai Annabi (SAW) ya karanta Hudu 102.

Malama Tudun Wada:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Akwai gaɓar da ake tsallakewa. Hudu 15 ta ce wanda ke nufin duniya za a cika masa sakamakon ayyukansa a cikinta, sai Isra'i 18 ta sa mata ƙaidi: abin da Allah ya so, ga wanda ya nufa. Shi ya sa ake samun mugu mai dukiya, a samu mugu matsiyaci. Hadisin Anas a Muslim ya ƙara haske: wanda bai yi imani ba ana biyan sa alherin da ya yi tun a nan, don haka wani buɗin ma adalci ne, hakkinsa aka ba shi.

Amma ina jan hankali, kada mu mai da istidraji sandar dukan duk mai hali. Usman bin Affan da Abdurrahman bin Auf attajirai ne. Fajri 15 zuwa 17 ta ƙaryata ɓangarori biyu da kalma ɗaya, mai cewa an girmama shi don an ba shi, da mai cewa an wulaƙanta shi don an ƙuntata masa. Alamar da hadisin Uƙba bin Amir a Musnad Ahmad ya bayar ita ce ni'ima tana ƙaruwa alhali mutum na kan saɓo. Saɓon ake dubawa, ba girman gidan ba.

Na Wusasa:
Ku ba maƙwabcinku Kirista dama. Tambayar nan tana cikin Littafi Mai Tsarki a fili. Zabura ta 1 ta ce mai adalci kamar itace yake a bakin rafi, Irmiya 12:1 da Ayuba 21:7 kuwa suna tambayar Allah dalilin da mugaye ke bunƙasa. Mai Zabura ta 73 ya ce ya kusa zamewa saboda kishinsu, sai a aya ta 17, da ya shiga wuri mai tsarki, ya gane ƙarshensu. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar alkawuran littafin Karin Magana a matsayin lissafin da ba ya kuskure. Abokan Ayuba haka suka yi, suka ce wahalarsa shaidar zunubi ce, Allah ya tsawata musu a Ayuba 42:7.

Almajirin Ƙofar Doka:
Madalla, maƙwabci. Malam na Kwarbai, idan za ka amsa wa matasan, kada ka tsaya a "sai a lahira" kawai, za su ji kamar ana kare mai ɓoye hatsin ne. Faɗa musu jinkirin Allah bai ɗauke wa hukuma da jama'a nauyin riƙe hannun azzalumi ba, kuma Muslim ya ruwaito cewa ba mai ɓoye kaya sai mai laifi. Abu Dawud da Tirmizi ma sun kawo hadisin Abu Bakra cewa zalunci da yanke zumunta su suka fi cancantar a gaggauto da uƙubarsu tun a duniya. Daga nan ku bi ƙissar Ƙaruna tare, Ƙasas 76 zuwa 82, ka sa su lura da mutanen da suka yi burin irin dukiyarsa a aya ta 79, da abin da bakinsu ya faɗa a aya ta 82.