Wace kalma za mu kira ransomware da Hausa?

Jama'a, a neman kalmomin Hausa na harkar kwamfuta, mun gama da hacking, kalmar "kutse" ta zauna daram. Saura ransomware, manhajar nan da ke shiga kwamfuta ta kulle duk abin da ke ciki, ta bar maka allo ɗaya: biya kuɗi ko ka rasa komai. Irinta ce WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya, tana neman dala 300 na Bitcoin.

Wani ɗan'uwa ya kawo "satar bayanai". Ban yarda ba. Ɓarawo ɗauka yake ya tafi, ita kuwa wannan tana iya barin kayanka a inda suke, makullin kawai ta riƙe. Kuma a gaban alƙali wannan bambancin ba wasa ba ne. A shekarar 2000 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna ILOVEYOU ta fito daga Filifin ta yi ɓarna a duniya, amma dole aka janye tuhumar da ake wa wanda ake zargi, saboda dokokin ƙasar na lokacin ba su san laifin ba. Sai bayan ɓarnar suka yi sabuwar doka. Ingila ma sai da kotu ta wanke wasu masu kutse biyu a 1988, don dokar jabu ba ta kama su ba, sannan aka yi dokar hana kutsen kwamfuta ta 1990.

Ni "garkuwa da bayanai" na zaɓa. Duk wanda ya ji, ya san an tsare abu, ana jiran fansa.

Wata 'yar'uwa ta ce to a kira manhajar "manhajar garkuwa". Nan na ja birki. Hajiya, garkuwa fa kariya ce a ɗaya ma'anar! Mai karatu zai ɗauka riga-kafi ake tallata masa, ya sauke da hannunsa.

Don haka a raba biyu. Laifin: garkuwa da bayanai. Kayan aikin: manhajar neman fansa. Mai fassara doka yana buƙatar duka biyun, domin Yarjejeniyar Budapest ta 2001 kan laifukan intanet ta ware hukuncin lalata ko toshe bayanai daban, na ƙera irin waɗannan manhajoji da rarraba su daban.

Mai wadda ta fi gajarta ya kawo, amma a gwada ta cikin jimlar tuhuma tukuna.